Zalɓen Kawuna Mai Aski

Kawuna mai aski ne, kuma ban taɓa ganin mai ɗaukar hoto da ya kai shi rashin sa'a ba. Na ce rashin sa'a ne saboda ƙanin mahaifiyata ne. Sauran 'yan ƙungiyarmu suna da wasu kalmomin da ba zan rubuta ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta ƙauyenmu, bai taɓa fashin taro ba, shi ke fara zuwa, shi ke share ɗaki, amma duk tsawon shekarun nan hotonsa bai taɓa hawa bango ba. Bangon da nake nufi shi ne na babban ajin makarantar firamare, inda muke liƙa hotunan da suka fi kyau a ƙarshen kowace shekara, mutanen gari su zo kallo. Har ni da na shigo daga baya, kuma na yi suna wajen yanke wa mutane kai a hoto, na hau bangon nan. Kawu kuwa sai dai ya riƙe wa wasu tsani.

A shagonsa aka haifi ƙungiyar. Shago ne ɗan ƙarami, da madubi mai tsaga a kusurwa, da kujerar da asalinta ta gaban mota ce, da benci na masu jira wanda rabin masu zama a kai ba aski ya kawo su ba. Wata shekara aka turo mana wani likitan dabbobi, dogo, marar fara'a, da kyamara rataye a wuya wadda ofishinsu ya ba shi don ya riƙa ɗaukar hoton shanu marasa lafiya. Ya zo aski ya ƙi cire ta. Kawu ya yafa masa ƙyalle a kanta, sai ta yi tudu a ƙirjinsa, Kafinta da ke jiran layi ya tambaya ko shi ma likitan ƙari gare shi. Daga nan hira ta ɓarke. Kafin a jima Kafinta ya leƙa ta 'yar tagar kyamarar, Direban motar kasuwa ya leƙa, Tela, matar da ke ɗinki a shagon da ke manne da na Kawu, ta bar kekenta ta zo ta leƙa. Kawu ne ya leƙa a ƙarshe, ya kuma daɗe yana leƙen, likita na zaune da rabin kai a aske. Likitan nan shi ya zama Shugaba, kuma har ya yi ritaya ya tsufa a cikinmu ba wanda ya ƙara kiransa da wani suna.

Lokacin babu waya mai kyamara. Fim ake sawa, Direba ke sayo shi daga birni tare da magungunan wanke hoto, ya ɗora su a kan buhunan albasa. Kafinta ya ba da ɗan siton da ke bayan shagonsa ya zama ɗakin duhu, Tela ta ɗinka baƙin labule mai ninki biyu, suka shafe ƙwan fitila da jan farce don ya ba da jan hasken da ba ya ɓata takarda. Farantan da ake jiƙa hoto a ciki na matar Kawu ne, aro aka yi na kwana biyu, kuma har yau idan ta tuna sai ta yi mita. Kyamara ɗaya ce, tana yin mako a gidan kowa. A zagayen farko duk wanda ta zo hannunsa akuyarsa ya fara ɗauka, shi ya sa in ka buɗe akwatin tsofaffin hotunanmu za ka sha kallon awaki kafin ka ga mutum.

Da tafiya ta yi tafiya aka tsara abin. Kowace Asabar da sassafe ana fita, a zaga gonaki ko kasuwa ko bakin tafki. Kowane wata Shugaba zai yanka abin da za a ɗauka: wannan watan ƙofofi, na gaba hannaye, na gaba inuwa. Watan inuwa sai da aka kusa ba hamata iska, domin Direba ya kawo hoton da ya fito baƙi ƙirin, ya dage a kan inuwa ce ya ɗauka daga kusa. Tsofaffi masu neman ɗan hoton katin shaida ma wurinmu suke zuwa, Tela ta riƙe farin zane a bayansu, Kafinta ya riƙa yi musu faɗa su daina rufe ido. Da wayoyi suka zo, samari da 'yan mata suka cika ƙungiyar, kowa da kyamararsa a aljihu, tsohuwar ta zama ba mai kallonta. Kawu ya goge ta da tawul ɗin aski ya ce a bar masa.

Ko mene ne aka yanka a wata, Kawu tafki yake nufa. Akwai wani tsohon kututture a tsakiyar ruwan, akwai kuma zalɓen da ke tsayawa a kai da safe, ƙafa ɗaya a naɗe, kamar mai jiran mota. Ko zalɓe ɗaya ne tun farko, ko ɗa ne ya gaji uba, wannan Kawu da Shugaba sun yi musu a kai har sun gaji. Kawu ba ya son hotonsa a tsaye, ya ce tsayuwa ko shi ma ya iya. Tashinsa yake so, daidai lokacin da zai buɗe fukafukai ya rabu da kututturen. A watan hannaye aka ce masa ya saki layi, ya ce ai fiffike hannun tsuntsu ne, aka ƙyale shi.

Ranar nuna hotuna kowa zai ajiye nasa a kan teburin Kafinta. Na Kawu kullum iri ɗaya ne: ruwa, kututture, sararin sama, wani lokaci da 'yan da'irori a kan ruwan. Sai ya ɗora yatsa a kan kututturen ya ce, "Nan yake. Ya tashi." Daga nan zai miƙe tsaye ya fara bayani, ya buɗe hannuwa, ya lanƙwasa wuya, ya ɗage ƙafa, taro ya wuce lokacinsa, abincin kowa ya huce a gida. Da haka ya samu sunan da duk gari ke kiransa, Ya Tashi, har waɗanda ba su san mafarin ba.

Saboda shi aka kafa dokar da ta fi kowace daɗewa a ƙungiyar, wato mai hoto ba ya magana. Ka ajiye, ka naɗe hannu, mutane su duba. In sun gane abin da ka ɗauka ba tare da taimakon bakinka ba, hoton na iya hawa bango. Kawu ne ya fara ɗaga hannu ya goyi bayan dokar, don bai gane da shi ake ba. Tun daga ranar yakan zauna a ƙarshen benci, ruwa da kututture a gabansa, kumatunsa cike da magana, ƙafarsa na ta rawa. Hotunan kuma ya kwashe ya kai gida, matarsa ta riƙa fifita wuta da su, ta kuma sa wasu a ƙarƙashin ƙafar tebur.

Kowa da abin da yake ɗora wa laifi. Shugaba ya ce yatsan Kawu ne ke da nauyi. Direba ya ce kyamarar ce ta tsufa. Tela ta ce tsuntsun ne ya raina shi. Ni kuwa da na dawo daga makarantar jinya na kama aiki a ƙaramin asibitin ƙauye na shiga ƙungiyar, abin ya tsaya min a rai. Ba ni da haƙuri, marasa lafiya ma sun sani. Mutumin da yake zagaya kunnen jariri da aska hannunsa bai motsa ba, a ce danna maɓalli ya gagare shi? Wata Asabar na bar sauran suka nufi kasuwa, na bi shi tafki.

Na ga aiki mai kyau, tsakani da Allah. Ya samu wuri a bayan ciyawa, ya durƙusa, ya kafa kyamara a ido, ya daidaita, ya yi shiru irin wanda ban taɓa sanin ya iya ba. Muka daɗe har ƙafata ta yi sanyi. Can zalɓen ya sauke ƙafarsa ta biyu, ya ɗan russuna. Sai na ga Kawu a hankali ya sauke kyamarar zuwa ƙirjinsa, bakinsa a buɗe, yana bin tsuntsun da ido har ya haye bishiyoyin tsallake ya ɓace. Sannan ya sauke numfashi, ya mayar da kyamara ido, ya danna.

Na ce, "Kawu, me ya sa ka sauke ta?"

Ya ce, "Na sauke me?"

Wallahi bai sani ba. Shekaru yana yi, bai taɓa sanin hannunsa na saukewa ba. Da na nuna masa yadda ya yi, ya juya kyamarar yana duba 'yar tagar, ya ce, "To ai 'yata, tagar ce ƙarama. Abu kamar wannan, ta ɗan ramin nan mutum zai kalle shi?" Haushi ya kama ni, dariya ma ta kama ni, na rasa wadda zan fara.

Da na kai labari ƙungiya, Kafinta sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Aka shiga neman magani. An ɗaure masa kyamarar a fuska da tawul ɗin aski, tsuntsu na russunawa ya karkatar da kai yana leƙe ta gefe har ya zame ya faɗa cikin laka. An sa Direba ya tsaya a bayansa ya riƙe masa gwiwar hannu, suka ɓuge da kokawa. Wata yarinya ta ba shi aron wayarta mai ɗauka a jere ba tsayawa, ya dawo da hotunan takalmansa masu yawa, duka sun fito tas. Daga ƙarshe aka haƙura, aka ce wasu an halicce su su hau bango, wasu su riƙe tsani. Shi ma ya yi dariya tare da kowa, amma ni da na san shi na ga dariyar ba ta kai ciki ba.

Abin da ya rasa a ƙungiya a shago yake fanshewa, don can babu doka. Duk wanda ya zauna a kujerar nan ranar Asabar da hantsi ya san zai ji yadda zalɓe ya tashi yau. Kuma ba ya maimaita labari. Yau ya tashi a fusace saboda wani kare, jiya ya tashi da kasala kamar wanda aka tasa daga barci, wata rana ya tashi da ɗan kifi a baki ya fasa haɗiyewa sai a sama. Almakashi a hannu ɗaya, mataji a ɗayan, Kawu zai buɗe hannuwa ya cika shagon, wanda ake wa aski na kallonsa ta madubi da kumfa a haɓa. Akwai mutanen da ba su taɓa taka bakin tafkin da safe ba, amma in ka tambaye su za su gaya maka zalɓe yana naɗe wuya idan ya daidaita a sama. Matarsa takan ce da tsuntsun mace ce da tuni ta kai ƙara.

Haka muke har shekarar da aka zo aka kakkafa turaku masu jan ƙyalle a gefen tafkin. Sabuwar hanya za a yi, ta nan za ta bi, za a cike tafkin da ƙasa. Mutane da yawa sun yi murna, ni ma ina ciki, domin na san wahalar da muke sha kafin mu kai mai naƙuda babban asibiti. 'Yan ƙungiya suka yi ta zuwa suna ɗaukar tafkin ta kowace kusurwa. Kawu kuwa shagonsa ya yi tsit. Mutane suka fara fitowa da aski cikakke a kan lokaci, abin da ya tayar wa kowa hankali.

Wata rana da yamma ya same ni a barandar asibiti ina wanke hannu. Ya zauna a bencin marasa lafiya, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"'Yata, ina so in kama shi kafin su zuba ƙasa."

Na ce ai mun gwada duk dabara.

Ya ce, "In aka cike tafkin nan, bakina kaɗai zai rage. Kin kuwa san yadda ake ɗaukar maganar mai aski. Nan da 'yan shekaru za a ce Ya Tashi ne ya ƙirƙiro tsuntsunsa. Ina so ya hau bango sau ɗaya, da sunana a ƙasa, in yi shiru kowa ya gani."

Ban taɓa jin ya roƙi wani abu don kansa ba. Tausayinsa ya kama ni sosai, kuma da yake ban iya nuna tausayi ba, sai na yi masa faɗa a kan hawan jininsa, na ce ya tafi gida zan yi magana da mutane.

Kafinta ne ya kawo dabarar, kuma dabara ce irin ta kafinta: abin da ke hana ƙofa rufuwa, a fere shi. Ya ce idon Kawu ne matsala, to a cire ido daga aikin. Kunnensa garau yake, mutumin da ke jin gulmar da ake yi a shagon Tela alhali injin aski na kuka. Zalɓe kuwa idan zai tashi fukafukansa na bugun iska da ƙara, kamar an kaɗe babban bargo. Saboda haka za a kafa kyamara a kan mazauni mai ƙafa uku, a saita ta a kan kututturen, a haɗa mata 'yar igiya mai maɓalli a baki. Kawu ya riƙe maɓallin, ya rufe ido, yana jin bugun farko ya danna. Aka tambayi Shugaba ko hakan ya halatta. Ya yi tunani ya ce wanda ya danna shi ke da hoto, doka ba ta ce komai a kan ido ba.

Kafinta ya ƙera mazaunin da ragowar katakon gado. Direba ya sha yawo a birni kafin ya samo fim, don masu sayarwa sun yi ƙaranci. Shugaba, da sandarsa da ciwon gwiwarsa, ya zo da kansa ya saita kyamarar. Fitar farko Kawu ya buɗe ido ɗaya, sannan ɗayan, maɓallin na hannunsa ya manta da shi. Fita ta biyu ya rufe ido gam, sai Direba ya kaɗe rigarsa saboda sauro, Kawu ya danna, muka samu kyakkyawan hoton zalɓe a tsaye yana harararmu. Tela ta ce a kai wannan bango a huta. Kawu ya ce shi ba tsayuwa ya zo nema ba.

Asabar ta gaba manyan motocin ƙasa sun riga sun iso, suna jere a bakin hanya, an ce ranar Litinin za su fara. Na hana kowa zuwa, daga ni sai shi. Muka kafa kyamara a inda Shugaba ya yi mana alama da duwatsu. Zalɓen na nan a kan kututturensa, ko a jikinsa. Kawu ya ciro tawul daga aljihu ya miƙo min.

"Ɗaure min. Ban yarda da kaina ba."

Na ɗaure masa ido, na sa masa maɓallin a hannu. Ya durƙusa, kansa a ɗan karkace, kunne wajen ruwa. Rana ta fara fitowa ta bayanmu. Ban san tsawon lokacin da muka yi ba, na dai san ina jin numfashinsa. Sai tsuntsun ya sauke ƙafa, ya russuna, ya buɗe fukafukai, faɗinsu ya ba ni mamaki duk da na sha gani. Bugun farko, na ji ƙyas a gefena. Na bi zalɓen da kallo ya haye bishiyoyi. Ko da Kawu ya fizge tawul ɗin, babu komai sai kututture da da'irori a kan ruwa.

Ya ce, "Ya tashi?"

Na ce ya tashi.

Da hantsi muka cunkushe a ɗakin duhu, mu tsofaffin 'yan ƙungiya, yara masu waya na jira a waje. An daɗe ba mu shiga tare ba, warin magani da na katako ya cika wurin. Shugaba ya wanke fim ɗin da kansa, yana faɗa da duk wanda ya yi tari. Da aka zo fitar da hoton ya sa takarda a farantin matar Kawu ya riƙa jijjigawa a hankali a ƙarƙashin jan haske. Kututturen ne ya fara bayyana, abin da muka saba gani. Sai wani abu ya fara yin duhu a samansa. Fiffike, sannan ɗayan, a buɗe har ƙarshe, ana iya ƙirga gashin. Dogon wuya a miƙe. Yatsun ƙafa sun rabu da itacen da ɗan kaɗan. Shugaba, wanda ban taɓa jin ya yabi hoton kowa ba, ya ce tunda aka kafa ƙungiyar ba a yi kamarsa ba. Kafinta ya rungume Kawu, Tela ta fita tana shelar labari tun kafin takarda ta bushe. Kawu ya sunkuya a kan farantin ya daɗe yana kallo, har sai da aka ce ya matsa a shanya.

Ranar Litinin motoci suka fara zuba ƙasa. Zalɓen bai sake dawowa ba, ba kuma wanda ya san inda ya koma.

A ƙarshen shekara aka liƙa hoton a tsakiyar bango, an faɗaɗa shi, Kafinta ya yi masa firam, sunan Kawu a ƙasa. Wannan karon wani ne ya riƙe masa tsani. Gari ya cika ajin. Matarsa ta zo da sabon mayafi, ta tsaya a gefen hoton tana gaya wa mutane cewa a farantinta aka wanke shi. Waɗanda suka daɗe suna jin labarin zalɓe a kujerar aski suka yi ta nunawa da yatsa suna cewa ashe da gaske ne. Sai Shugaba ya buga sandarsa a ƙasa ya ce yau, yau kaɗai, an ɗage doka, mai hoto ya yi magana. Mutane suka yi dariya suka gyara tsayuwa, wasu har suka nemi wurin zama, don an san abin da zai biyo baya.

Kawu ya tsaya a gaban hotonsa, ya buɗe baki, ya rufe. Ya ɗaga hannu kamar zai buɗe, ya sauke. Ya ce, "Ga shi nan dai kuna gani." Ya gode wa Kafinta da Shugaba da Direba, ya koma gefe. Aka tafa, aka ce nasara ta sa Ya Tashi ya koyi kunya.

Yanzu hanya ta wuce ta inda tafkin yake, motar asibiti na kai mu birni ba girgiza. Ƙungiya na nan, yara sun karɓe ta, watan jiya ma tayoyi aka yanka. Hoton yana shagon Kawu a saman madubi. Yana aski, yana hira kamar da, a kan farashin taki da ƙwallo da auren 'ya'yan mutane. In baƙo ya tambayi hoton yakan ce shi ya ɗauka, da alfaharinsa, har ya nuna sunan. In aka ce yaya aka yi, sai ya ce a sunkuyar da kai zai gyara ƙeya.

Kwanakin baya na biya ta shagon da rana na kai masa maganinsa. Babu kowa, yana wanke mataji a kwano. Na zauna a kujerar motar ina hutawa. Can, ba tare da ya juyo ba, ya ce, "'Yata, ke kin gani ranar nan. Yaya ya tashi?"

Na nuna masa hoton na ce ga shi nan a saman madubi.

"Wannan bugun farko ne kawai. Bayan nan fa?"

Sai a lokacin na gane. Duk tashin da tsuntsun nan ya yi a gabansa yana da shi a kai, in ban da na ƙarshe. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa da wa zan yi faɗa. Na yi iya ƙoƙarina. Na ce ya buga fukafukai, ya yi sama, ya bi ta hagu, rana ta haska bayansa, ya haye bishiyoyi. Har na ɗan buɗe hannuwa, na ji kaina wata iri na sauke. A bakina abin bai fi rahoton da nake rubutawa a asibiti ba.

Ya saurara har na gama, yana gyaɗa kai.

"Ƙafafun fa?"

Na ce ban lura da ƙafafu ba.

Ya ce, "Yakan bar su a baya suna lilo, ruwa na ɗiga daga yatsun, sai ya yi nisa yake miƙe su. Nan ne ya fi kyau." Ya zubar da ruwan kwanon a bakin ƙofa, ya jera matajin a kan tawul. "Ba komai. Wataƙila haka ya yi."